Bangon Shagon Gambo

Ni magini ne, ɗan magini,
jikan wanda ya kwaɓa laka da makuba a Ƙofar Doka.
Hannuna ya san ƙasa kafin ya san loma.
Yanzu gwiwa ta ƙi tsani, ido ya ƙi nesa,
sai jikata Lantana ta ce, "Kaka, sa hularka,
akwai bangon da ke jiranka a Samaru."

Bas ta girgiza mu tun daga Kwangila
kamar tsakuwa a cikin gora.
Shagon yana maƙale
tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin takalma,
ƙamshinsa ya tarbe mu tun ba mu yi sallama ba.

Gambo ne mai wurin, siriri, mai gilashi,
yana juya 'ya'yan gahawa a baƙin kasko,
kunnensa a kan ƙararsu
kamar uwa mai sauraron numfashin jariri.
Ya ce daga tsaunin Mambila suka zo.
Na ce, sun sha hanya, su ma.

Ya miƙo ɗan kofi, bai kai tafin hannuna ba.
Na kurɓa, na yamutsa fuska.
Ɗalibai suka ƙunshe dariya a bayan littattafai.
Na ce, "Yaro, goro ka narka?"
Ya ce, "Baba, dakata."
Na dakata.
Ɗacin ya sauka, gardi ya biyo sawunsa,
a hankali, kamar baƙo mai kunya.

Sannan aka kai ni wajen bangon.

Ga mai fura, idonta kamar faifai.
Ga jirgin ƙasa yana fita daga bakin tulu.
Ga dutsen Kufena an yi masa shuɗi,
wai shuɗi! Wa ya taɓa gani?
Duk da gwangwanin feshi aka yi,
babu tudu, babu kwari,
babu inda yatsa zai bi ya ji labari.
Na ce, "Damina biyu, ruwa ya cinye."
Lantana ba ta tanka ba.
Ta ja hannun rigata zuwa kusurwa.

A nan na gan shi.

Dagin da na zana a goshin zauren Alhaji Tanimu
shekara arba'in da wani abu,
zauren da aka rushe aka dasa bulo,
yanzu ana sayar da taya a wurin.
Ga shi, igiyarsa na shiga tana fita,
har da karkacewar nan ta hagu,
inda yatsana ya zame
ranar da aka kwala mini kira daga ƙasa:
"Sauko, an haifa maka 'ya!"

Ta ce a wani tsohon hoto ta tsinto shi,
ta ɗauka gwaninta ce.
Malaminta ma ya yaba, ya ba abin suna.
Na buɗe baki in ce kuskure ne.
Na dubi fuskarta,
fuskar waccan jaririyar ce sak,
wadda ƙasa ta rufe bara waccan.

Na rufe bakina.

Muka koma benci.
Wani yaro yana ta ɗaukar bangon da waya,
ya juya wa dagin baya yana murmushi,
bai san mai shi na zaune yana sosa gwiwa ba.
Ban ji haushi ba.
Mu ma ba mu taɓa sa suna a gini ba.

Na tsoma yatsa a guntun da ya rage,
na ja layi a kan tebur,
hannun bai manta ba, ya shiga, ya fita.
Da na iso hagu
sai na bar shi ya zame.

Gambo ya zo da tsumma, ya tsaya,
ya mayar da tsumman kafaɗa.
Na ce, "Ƙaro mini.
Kada ka sa sukari."