Mai Ƙirga Sawu

Sun kawo yaro sun dasa a bakin shagona,
da riga ruwan ɗorawa mai tambarin kwamiti,
a tafinsa wani ƙarfe kamar ƙwallon goruba.
Duk wanda ya gifta, ƙyas.
Na ce, "Tanimu, carbin zamani ne?"
Ya ce, "Baba, sawu nake ƙirgawa.
Masu kula da tsakiyar gari ke son su san
ƙafa nawa ke taka Titin Ibadan kafin la'asar."

Ni agogo nake gyarawa, shekara talatin da ɗaya.
Ƙirga ba baƙona ba ne.

Ƙyas, mutanen jirgin Rigasa da akwatuna masu taya,
suna tattare ƙafar wando, suna toshe hanci.
Ƙyas, 'yan sari daga Kafanchan.
Ƙyas, Lantana da jarka biyu.
Ƙyas, Lantana ta dawo.
Famfon gidansu ya yi gum tun azumin bara,
sau tara take tsallakawa burtsatsen masallaci,
sau tara ta komo kafaɗa a karkace.
Ƙarfe bai san fuska ba.
A takarda Lantana baƙi goma sha takwas ce,
kowannensu ya zo kashe kuɗi.

Ran Laraba aka tara mu a sakatariya,
aka raba ruwan leda.
Wani mai siririn gemu ya haska bango,
jan layi na hawa kamar kuɗin shinkafa.
"Masu ziyara sun ƙaru." Aka tafa.
Za a yi wa shataletale fenti, a shuka furanni,
a kafa allon barka da zuwa.

Madam Nkechi mai kantin magani ta miƙe:
kwatar ƙofarta fa, da ta yi kore?
Aka ce an rubuta.
Alhaji Barau ya ce fitilar kan kwana
ta makance tun ɗansa na rarrafe, ga shi yau yana aji biyu.
An rubuta.
Bolar bayan kasuwa, wadda akuya in ta hau
sai ta hango Kakuri?
An rubuta.
Biron dai bai gaji ba.

Ni ma ina da lissafina a bayan kwalin batir:
kwana ɗari biyu da shida rabon lungunmu da motar shara,
murfin kwalbati uku sun yi ƙafa,
jikata Talatu, zazzaɓi huɗu a damina ɗaya.
Ba wanda ya haska wannan a bango.

Sai ruwan Agusta ya sauko,
titi da kwata suka zama uwa ɗaya uba ɗaya.
Bas ta sauke 'yan biki, Tanimu ya ja da baya
don kada ko ɗaya ya kuɓuce masa,
ƙasa ta buɗe baki, ya nutse har ƙugu.
Baƙin suka ɗaga waya.
Lantana ta yar da jarka ta cafko wuyan rigarsa,
na kama hannu, Barau ya kama ni.
Ƙarfen kuwa ya bi ruwa,
yana can yana ƙirga kifi a kogi.

Nkechi ta wanke masa ƙwauri da aidin,
bai yi kuka ba, sai da ya tuna za a cire masa a albashi.

Litinin ya dawo da sabon ƙarfe da ɗingishi.
Yanzu in Lantana ta taho yakan saki yatsa,
ya ce, "Sannu da ruwa, Inna."
Alƙaluma suka faɗo.
Na ji an kira taro a kan dalilin da baƙi suka guje mu.

Ramin yana nan.
Na ɓalle katako daga bencina na shimfiɗa a kai,
masu jiran agogo yanzu a tsaye suke jira.