Farar Fitilar Baya

Lahadi ce a mashigin tekun Vigo,
tsakiyar Agusta, ruwa ya cika ya batse.
Duk mai jirgi ya kwance igiya:
likitan haƙori, malamar makaranta,
samarin da suka yi hayar babur ɗin ruwa na awa guda.
Jirgin fiton Cangas na ratsa tsakaninmu,
ba ya tambayar kowa.

Babana Xurxo na zaune, hula a karkace.
Tun bara sunana ya ɓace masa.
Da safe ya kira ni Sabela,
sunan mahaifiyata. Na amsa.

Ina 'yar shekara tara ya miƙa mini sandar tuƙi,
ya ce, Uxía, teku ba ta da layi,
ba danja, ba ɗan sanda.
Layin yana cikin kai.
In iska ta bugo ki ta hagu, ke ce mai kaucewa.
In ta gefe ɗaya take bugun ku duka,
na kusa da bakin iska shi ke ba da hanya.
Mai son wucewa ta baya, nauyin na wuyansa.
Kin tayar da inji? To kin zama mai inji,
ko da ƙyallen jirginki ya toshe sama.

Wancan kuwa, ya nuna da haɓa,
jirgin dakon motoci, tsayin bene goma,
yana jan ciki a siririyar hanyarsa mai zurfi,
kada ki ja da shi.
Kafin ya tsaya kin zama labari.

Yau iska ta dama take zuwar mini. Hanya tawa ce.
Mun wuce gadajen katako
inda makankari ke reto a igiya ƙarƙashin ruwa,
mun doshi tsibiran Cíes,
sai ga farin jirgi mai inji daga hagu,
hanci a sama, kiɗa na tashi.

Na yi yadda aka koya mini:
na saita shi da wayar da ke riƙe da sandar tsakiya,
na ƙirga goma.
Bai gusa gaba ba, bai gusa baya ba.
Girma kawai yake yi.

Doka ta ce in riƙe hanyata, kada in rikita shi.
Na riƙe.
Na busa ƙaho sau biyar, gajeru.
Mutumin kansa a sunkuye, waya a hannu,
yana yi wa wani da ba ya nan murmushi.
Na cije leɓe. Ai ni ce da gaskiya.

Sai hannu ya sauka a kan nawa,
busasshe, mai tabon ƙugiya a babban yatsa.
Juya, ya ce.
Juya sosai, yadda mai barci ma zai gani.
Ruwa bai san mai gaskiya ba.

Na juya dama.
Ƙyallen ya yi tafi, sandar kwance ta wuce bisa kanmu,
kofin kofi ya kife a ƙafata.
Farin jirgin ya shuɗe,
kusa har na ji ƙanshin man da suka shafa don rana.
Igiyar ruwansa ta ɗaga mu ta ajiye.
Ko waiwaye bai yi ba.

Baba, na ce, murya na rawa.
Ya dube ni da ladabi, irin duban baƙuwa,
ya tambaya ko an kusa cin abinci.

Da almuru muka juyo.
Fitilu sun fito ɗaya bayan ɗaya:
ja a hagu, kore a dama.
In ka ga biyun tare, kai yake nufa.
In fara kaɗai ka gani, ƙasa-ƙasa, tana ƙanƙancewa,
wannan ya ba ka baya, tafiya yake.
Ba abin da za ka kauce wa.

Na gyara masa hula.
Na rage gudu, ko da yake ba wanda ke gabanmu.