Ni Aka Ba wa Baƙon

Malama Zuwaira ce ta ɗauko wasan daga Faransanci.
Shekara biyu tana juya shi kamar waina a tanda,
har ya bar warin ƙasarsu
ya kama ƙamshin turaren Kasuwar Kurmi.
Labarin wani baƙo ne mai sunkuyar da kai:
ya shiga gidan attajiri da carbi a hannu,
yana shirin fita da takardar gidan a aljihu.

Ni Tasi'u, mai kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa,
ni aka ba wa baƙon.
Na ce, don me ni?
Ta ce, muryarka tana da sanyi.

Bayan La'asar muke haɗuwa, a wani aji a Gwale.
Benci biyu ne falon attajiri,
zanen Hansatu ne labule,
rawanin kakan Nafi'u yana faɗo mini a ido.
In an ɗauke wuta, wayoyi huɗu su ne fitila.

Mako uku ban iya ba.
Ina zare ido, ina murza gemu, ina dariyar ƙeta.
Malama ta doka littafi a tebur:
"Wa zai ba wannan ajiyar makulli?
Kura in ta yafa fatar akuya ba ta kuka, Tasi'u.
Je ka nemo shi."

Na nema.
A Kwari, wajen masu rantsuwa a kan yadi.
A layin masu raba sadaka sai kyamara ta iso.
Na zargi rabin Kano, ban samo komai ba
sai ciwon wuya.

Ranar wata Laraba ina Azahar a cikin shago,
na ji takun Alhaji Maikuɗi,
wanda nake so ya ba ni kaya bashi.
Bayana ya riga zuciyata sani.
Sujadar nan ta miƙe, ta miƙe,
tasbihin ya ɗan ɗaga murya,
ga wani ɗan nishi da ban san ina da shi ba.
Da safen nan kuwa na sayar da ɗan Chana
da sunan ɗan Beljiyam,
na ɗora masa wallahi biyu.

Na sallame. Na samo shi.

Daren wasa, a Gidan Ɗan Hausa,
na yi nishin nan, fili ya ɗauka da dariya.
Kowa yana zungurin na kusa da shi:
wane ne sak, har tafiyar!
Wani ya tashi a fusace, wai ana zagin malamai.
Malam Ɗayyabu, limamin layinmu, bai motsa ba,
yana share hawayen dariya da bakin riga.
Daga baya ya ce, gwal ba ya tsoron wuta,
mai jabu ne ke gumi.

A bayan labule Hansatu ta tsare ni:
"Don Allah, wa ka kwaikwaya?"
Na ce, wani ne a Ƙofar Ruwa, ba ki san shi ba.

Na mayar wa Nafi'u rawaninsa,
na hau adaidaita zuwa gida.
Na kulle ƙofa, na ta da Isha'i.
Ba kowa sai fanka tana kewaya.
Kafin ta zagayo sau goma, har na kai tahiya.

Na zauna jim a kan darduma.
Sannan na miƙe, na sake kabbara.