Harafi Mai Ƙugiya

Ƙarfe biyu na rana a Runjin Sambo,
fanka na juya zafi kamar mai tuƙa tuwo.
Luba ta danna maɓalli, na'ura ta ce: An yi.
Kore shar, har da alamar dacewa.
Muka leƙa inda labarin zai fito,
fari fat, kamar ƙwaryar da aka wanke aka kife.

Labarin albasa ne fa, ba na yaƙi ba:
nawa buhu ya kai jiya,
wa ya ci riba, wa ya koma gida da haushi.
Manoman Wurno na jira a wayoyinsu,
na'ura kuwa ta rantse ba ta ga komai ba.

Tsakanin yatsan Luba da idon mai karatu
akwai zaure bakwai, duk a duhu.
Ɗaya na wanke rubutu, ɗaya na rage hoto,
wani na liƙa kwanan wata,
sauran, ni kaina sai na duba takarda.
Labari ya shiga na farko da ƙafafunsa.
A wanne ya faɗi? Ko tari ba wanda ya yi.

Na tuna Sahabi mai gyaran famfo,
ran da ruwa ya ɗauke mana kwana tara.
Ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa, ya kara kunne,
ya bi layi yana saurare kamar mai duban mara lafiya.
Ya ce: "Bututun da ka kuka ba ya ba ni tsoro.
Wanda ya yi shiru shi ka cinye gida."

Na kafa tawa sandar.
Zaure na ɗaya lafiya, na biyu lafiya.
La'asar ta wuce, wuta ta tafi, janareta ya karɓa.
A na biyar na tarar da gawar:
ƙugiyar ƙ ce ta maƙale a maƙogwaro,
cikin kalmar "ƙaranci".
An gina zauren a ƙasar da k ba ta da lanƙwasa,
ya ga baƙuwar fuska, ya shaƙe.

Wannan ba laifi ba ne, kowa na tuntuɓe.
Abin da ya tsaya mini shi ne layi biyu a ƙasa,
inda wani ya rubuta wa na'ura tarbiyya:
in kin ga kuskure, ki haɗiye,
ki yi murmushi, ki ce an yi.
Na ja tsaki, na nemi sunan mai wannan aika-aika.

Sunana ne.
Shekara biyu baya, daren jajibiri,
ina sauri in kai ɗinki wurin tela.
Jan rubutu ya dame ni, na toshe masa baki.
Ni na koya mata kunya,
irin ta baƙon da ƙaya ta soke shi
ya ce ba komai, yana ɗingishi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Na fasa taga a kowane zaure,
na rataya fitila, na ba kowa suna.
Wanda ya karɓa ya ce na karɓa,
wanda ya kasa ya faɗi wuri da sa'a da dalili.
Mai karatu ba sai ya ga hanjinmu ba,
a ce masa ya yi haƙuri, gyara ake.
Amma mu na cikin gida
a zazzage mana buhun har ƙasa.

Bayan magariba albasa ta fito,
ƙ na zaune daram da ƙugiyarta.

Washegari Luba ta ƙwala mini kira:
"Zo ka ga, ta ɓaci! Ja wur, layi goma sha!"
Na karanta: zaure na uku, hoto ya yi nauyi.
Ta ce, "Kai kuma dariyar me kake?"
Na ce, "Bari ta yi kukanta."
Na jawo kujera.