Sa Hannu na Uku

Mu biyu muka yi ciniki, ni da Osvaldo,
a ƙuryar shago, kan tebur mai warin gam da fata.
Ya ce ya sallama, na ce na saya,
muka tafa, shayi ya huce ba mu sani ba.
Shekara goma sha ɗaya ina buga masa ƙusa
a dugadugan takalman Valparaíso,
yau guduma za ta zama tawa.

Sai lauya ya gyara zaman tabarau,
ya ɗora yatsa kan sharaɗi na sha huɗu:
ba a miƙa hayar shago ga wani
sai mai gini ya yarda, a rubuce.
Ashe tukunyarmu kan dutse biyu muka girka.

Mai ginin Doña Ercilia ce,
tana gidan tsofaffi can ƙolin tudu
inda tagogi ke ƙirga jiragen ruwa.
Matakala ɗari da sittin na hau, takarda a ƙirji.
Ta dube ni, ta kira ni da sunan ƙanwarta
da ta rasu tun ba a haife ni ba.
Mai jinya ta karɓe biro a hankali:
ko ta sa hannu, kotu ba za ta duba ba.
Wuƙa da nama suna hannun ɗanta,
ɗan yana arewa, wajen haƙar tagulla,
wayarsa na ta kuka, babu mai ɗagawa.

Wata uku ke nan.
Hannun Osvaldo na rawa, allura na suɓuce masa,
jakarsa a ɗaure, 'yarsa na jira a Temuco.
Kuɗin na kwance a banki,
ba nawa ba, ba nasa ba.
Na sayi fentin rubuta sunana,
gwangwanin ko murfi ban ɓalle ba.

Na zagi sharaɗin nan har na gaji.
Amma da ginin nawa ne,
zan so baƙo ya kwana ƙarƙashin rufina
ba a tambaye ni ba?

Ran Lahadi na sake hawa, ban ɗauki takarda ba.
Silifas ɗinta ya tsinke, na zauna na ɗinke.
Ta juya shi, ta shafa ɗinkin da babban yatsa,
ta ce, yarinya, ke kam a ba ki shago.

Daga ni sai ita,
sai tsuntsun teku a bakin taga,
shi kuwa bai iya rubutu ba.