Idon Waya

A Ƙofar Ruwa nake da shago,
rumfa ta uku bayan masu walda,
inda kwalaye ke sauka daga Sin
da rubutu kamar sawun kaza a taɓo.
Shekara goma ina cin abinci
da kayan da ban san sunansu ba.

Sai Rumasa'u, ɗiyar ƙanwata,
ta karɓi wayata wata Asabar,
ta latsa nan, ta latsa can,
ta ce, "Kawu, ɗora idonta a kan kwalin,
kada hannunka ya yi rawa."
Na ɗora.
Sawun kazar nan ya motsa, ya narke,
ya dawo baƙaƙen da na sani:
Kada a jiƙa. Nan ne sama.
Ashe duk shekarun nan a kife nake jera su!

Daga ranar na zama malamin layi.
Ɗanliti ya zo da takardar magani
da aka aiko wa tsohuwarsa daga Masar,
mai shayi ya miƙo gwangwani mai Faransanci,
direban Damagaram ya zaro rasit
da gumi ya cinye rabinsa.
Ba kullum take faɗa daidai ba.
Ta taɓa kiran injin ban-ruwa "zuciyar rijiya",
muka yi dariya har Ɗanliti ya ƙware,
amma dai mun gane inda ta dosa.

Bana ruwa ya huda ɗakin Baba a Mandawari.
Muka jawo adaka tsakar gida,
ƙarƙashin wata riga mai warin kafur
ga gafaka, cikin gafaka ga takarda,
tawadarta ta koma ruwan ƙasa.
Hannun Baba ne.
Na san baƙi, na san wasali,
amma alƙalaminsa gudu yake
kamar mai tsere wa hadari.

Na ce ai da sauƙi, na zaro waya.
Ta duba, ta yi jim, ta ce:
Raƙumi. Ƙofar gishiri. Shi ya tafi ita.
Na goge idon da bakin hannun riga,
na kai takardar rana, na dawo da ita inuwa.
Ta ce: Kogi ba ya da.
Wadda ta karanta mini Sin da Masar
ta tsaya a zauren gidanmu tana inda-inda.

Gwaggo Tasalla na kan tabarma tana tsince wake,
tabaraunta ɗaure da zaren buhu.
Ta ce, "Miƙo."
Ta kai takardar dab da hanci,
ta yi murmushi, murmushin ya tsaya.
"Ai Hausa ce, ɗan nan.
Hausarka ce ta sa rawani, ba ka gane ta ba."

Ta bi layin da ɗan yatsa:
"Yau Laraba an haifa mini namiji,
ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Fam biyu da sule goma
da nake bin Tanimu majemi, kuɗin fata,
na yafe don murna.
Kada 'ya'yana su tambaye shi."

Ni ne Balaraben.
Shekara hamsin da 'yan kai ina wuce ƙofar Tanimu,
yana tashi tsaye ya gaishe ni
tun ina yawo ba wando,
har ya rasu ban san dalili ba.

Yanzu bayan la'asar nakan rufe shago da wuri.
Wayar na aljihu, tana hutawa.
Akwai sauran takardu goma sha ɗaya a gafakar.
Gwaggo kan ture faifan wake gefe,
ta shimfiɗa ɗaya a gwiwata, ta ce,
"To, ɗora idonka.
Kada hannunka ya yi rawa."