Gurbin da Ya Yi Ja

Shekara ashirin da takwas ina bayan taga ɗaya
a ƙaramin asibitinmu na gefen Vaslui,
ina rubuta sunayen masu ciwo da shuɗin biro.
Yatsana na tsakiya ya yi kanta,
har yau tana nan, kamar ƙwayar wake.

Mu goma sha ɗaya ne a da.
Ɗaya bayan ɗaya suka ja akwati:
Smaranda ta tafi Torino, Ilinca ta bi miji,
likitan yara yana Jamus, sai dai hoto a waya.
Aka bar Otilia da gado ashirin,
tana cin burodinta a tsaye,
shayinta kan huce kafin ya ga leɓenta.

Wata Talata aka kawo na'ura cikin kwali,
aka kafa ta bakin ƙofa,
inda ake kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi.
Fuskarta gilashi ce. Ba ta ciwon baya, ba ta fita shan iska.
Ka zura kati, ta gane ka, ta tofo takarda mai lamba.
Allah ya sani na so in tsane ta.

Amma layin da kan kai bakin titi ya tsuke,
aka ce in rufe taga in hau bene,
in juya waɗanda ba sa iya juyawa, in ba su miya a cokali.
Ran nan na ga Otilia a zaune.
A zaune! Tana hura shayi, tururi na tashi.
Wanda ya sauke maka kaya,
ba ka tambayar wa ya haife shi.

Ranar Juma'a na sauko ɗaukar barguna,
na tarar da tsoho Gherasim, mai kiwon zuma a kan tudu,
hularsa ta fatar tunkiya a hannu,
tsaye gaban gilashin kamar mai jiran a yi masa iso.
Ya dangwala, ba ta ji ba,
fatar yatsansa ta yi mata kauri.
Ya lashi yatsan kamar mai buɗe shafi, sai ta amsa.
Suna, ta sani. Ƙauye, ta sani.
Sai ta tambaya:
wa za a kira in wani abu ya faru?

Ni na san amsar.
Tana cikin littattafaina da ke ɗaure a sito,
suna ɗaya, Eufrosina,
na rubuta shi har hannuna ya haddace.
An binne ta lokacin tsinkar inabi.
Ɗansu yana wata gonar lemo a Sifaniya,
lambarsa ta sauya sau uku.

Gurbin ya yi ja.
Ba ta wucewa sai an cike.
Bayansa mutum shida, har da mai ciki da yaro mai tari,
ba wanda ya ce uffan.
Shi kuwa yana murza bakin hula,
yana kallon jan nan kamar zai huce don kansa.

Na jibge barguna a kan benci.
Na rubuta sunana, na rubuta lambata.
Ta ce: mene ne tsakaninku?
Mata, ɗa, 'ya, ɗan'uwa, wani.
Na danna wani.
Ta tofo arba'in da ɗaya.
Ya ninke takardar gida huɗu, ya cusa cikin hula.

Bayan mako direban madara ya kawo kwalba biyu ta zuma,
ɗaya tawa,
ɗaya, in ji shi, ta yarinyar bakin ƙofa.
Na ɗora tata a kanta. Tana nan, mai shara na goge ta.

Da dare yanzu ba na kashe waya.